Tarihin Gaya a Gidan Aro

A watan Mayun 2019 aka ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A Mayun 2024 aka soke dokar, a Yuli kuma aka maido da masarautar a daraja ta biyu, Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Cikin shekara biyar matsayin gari ya sauya sau uku, 'yan bokon yankin kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen rubutu: sharhi kan dokar, hotunan naɗi da hawan salla, dogayen bayanai kan Abagayawa da maƙerin da ake cewa daga Gaya ya tashi ya sauka a Dala. Ina aka zuba wannan dukiya? A Facebook. Mai shakka ya gwada lalubo wani rubutu na 2019 a can, ya ga yadda yini zai ƙare bai same shi ba.

Masu cewa Facebook ya wadatar sun manta shafin ba nasu ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Yunin shekarar gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta buɗe shi ba sai Janairun 2022. A 2025 kamfanin Meta ya shaida wa kotu cewa tarar da hukumomin Nijeriya suka ɗora masa za ta iya sa ya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Bai rufe ba, amma ya nuna wanda mukulli ke hannunsa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Shafin kai abu biyu yake buƙata: suna, wato adireshin da ake bugawa a isa gare shi, da hayar wuri a uwar garke, kwamfutar da ba ta barci wadda ke riƙe da rubutun. Uzurin da aka saba kawowa shi ne dala, kuma da gaskiyarsa. Wanda ya kama haya a Amurka ko Jamus ya ji jiki da bankuna suka taƙaita katin naira a 2022, ya ƙara ji da naira ta faɗi bayan Yunin 2023. Sai dai NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, tana da dillalan da ke karɓar naira, akwai kuma kamfanonin gida masu ba da haya. Shafin rubutu da hotuna ba ya cin wuri.

Ainihin ciwon riƙon amana ne. Ƙungiyar ci gaban gari ta ba wani yaro kwangila, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, kalmar sirri a kansa kaɗai. Ya sami aiki a Abuja, ya sauya lamba. Shekara ta zagayo, saƙon sabunta rajista ya faɗa akwatin da ba mai buɗewa, shafi ya mutu, sunan ya koma kasuwa, kowa na iya saya. Sai a koma ana zagin fasaha. Abin mamaki, mutanen da ke adana takardar gonar gado shekara hamsin a ƙasan adaka su ne ke sakaci da wannan.

Gyaran ba ya buƙatar injiniya. A yi rajista da sunan ƙungiya da imel ɗinta, sakatare da ma'aji su riƙe kalmar sirri, a biya kuɗin shekaru da dama gaba ɗaya, a rubuta ranar ƙarewa a littafin taro. Duk wata a sauke kwafin shafin a ajiye a kwamfuta biyu, ɗaya a Gaya, ɗaya a Kano. Facebook ya ci gaba da aikin sanƙira, ya yi shela ya nuna hanya, rubutun kuwa ya zauna a adireshin da ƙungiya ke da rasiɗinsa.