Abin da Madugu Ya Sani: Sarrafa Kasuwanci da Ƙungiya a Zangon Kumasi

Kalmar “zango” asalinta wurin da ayari ke yada kaya ne, a huta, a shayar da dabbobi, a tashi da asuba. A Gana kalmar ta zama sunan unguwa, ana cewa Zongo, kuma a Kumasi ta haɗa da wurare irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, inda Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bayarabe. Fatauci ne ya haifi unguwar. Shi ya sa abin takaici ne a ga shago ya bunƙasa shekara ashirin sannan ya rufe wata shida bayan rasuwar mai shi, ko a ga ƙungiyar matasa ta tashi da ɗoki ta watse a kan rigimar kuɗin asusu.

In aka tambayi dattawa dalili, amsar da aka fi ji ita ce amana ta yi ƙaranci, mutanen da kuwa da amana kaɗai suka yi arziki. Rabin maganar gaskiya ne. Sauran rabin shi ne amanar mutanen da tana da tsari a ƙarƙashinta, tsarin ne kuma aka yar.

A dubi ayarin fataken Gwanja na ƙarni na 19. Ana tashi daga Kano da kanwa da rinannun tufafi da fatu, a bi ta Borgu har Salaga, a sayo goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Tafiya ce ta watanni, da ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci fiye da dubu. Madugu shi ne uban tafiya, amma bai taɓa riƙe kowane aiki shi kaɗai ba. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya da inda za a sauka. Uban dawaki yana tara kuɗin fito daga hannun fatake, ya daidaita da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Akwai kuma malamin ayari mai alƙalami. Madugun da ya ce shi ne jagaba, shi ne ma'aji, shi ne mai rubutu, ba zai kai ayarinsa bakin Kwara ba.

Goron kansa malami ne. Ba kaya ba ne da za a ɗaure a manta. Ana lulluɓe shi da ganye, ana kwance huhu lokaci-lokaci a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya lalata na kusa da shi. Ƙirga ma tana da ma'auni, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Wanda ya taso cikin wannan sana'a ya san cewa duba kaya aiki ne na kullum, ba zargin kowa ba ne.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka warwatsu, kuma da Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896, sannan jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai harkar ta karkato kudu. A nan wani tsarin ya yi ƙarfi, wato na maigida. Baƙo ya zo da shanu daga arewa, bai san kowa ba. Maigida zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su nemo mai saye a kan la'ada. Mahauta sukan ɗauki shanu bashi, maigida kuma shi ne mai lamuni: in mahauci ya gaza biya, shi zai biya baƙonsa. Polly Hill ta yi nazarin wannan tsari a kasuwar shanun Kumasi, ta wallafa a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana irinsa a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Abin lura shi ne maigida ba ya lamunce wa kowa don kunya. Ya san mahaucin da ke biya a kan lokaci da wanda ke ja, ya san iyakar abin da kowa zai iya ɗauka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma maigida yana da awonsa.

Nan ne mai shagon yau ya fi rauni. Aljihu ɗaya ne na jari da na cefane da na gudunmawar biki. Ɗan'uwa ya ɗauki buhun shinkafa “sai an kwana biyu”, ba a rubuta ba, don rubutawa kamar cin fuska ne. A ƙarshen wata mai shago yana ganin ciniki ya yi kyau, kanta kuwa tana ramewa, in darajar sidi ta sauka kuma, kuɗin da ya sayo katan goma bara ba ya sayo su bana. Wanda bai raba riba da uwar kuɗi ba yana cin jarinsa ne yana zaton riba yake ci. Magani ba ya buƙatar kwamfuta: littafi ɗaya, a yanka wa kai albashi, abin da ya wuce haka na shago ne.

Masu cewa rubuta bashi baƙuwar al'ada ce sun manta cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Yaran makarantun allo na Zongo suna haddace ta. Abin mamaki ne a haddace ta da safe, a ji nauyin aiki da ita da yamma.

Shekarar 1969 ta nuna tsadar wannan sakaci. A watan Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, da yawa sun karyar da kayansu a kan farashin banza. Babu littafin da zai hana irin wannan masifa, gaskiya ne. Amma wanda dukiyarsa ke rubuce, da shaidu, yana iya barin wakili ya karɓo masa bashi. Wanda lissafinsa duk a ka yake, ranar da ya hau mota lissafin ya hau tare da shi.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya shahara a Kano. Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne karanta sauyin zamani: ya ga jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi jaki sauri, ya bi ta nan, da jirgin ƙasa ya isa Kano aka buɗe cinikin gyaɗa wajen 1912, ya juya can. Ya yi aiki da wakilai masu yawa da yake ba jari, suna dawowa su yi bayani. Ya rasu a 1955, gidan kuma bai rufe ba, har Aliko Ɗangote ta wajen uwa daga zuriyar yake. Ba kowa zai zama Ɗantata ba, amma tambayar da tarihinsa ke jefa wa mai shago a Kejetia mai sauƙi ce: in ya kwanta ciwo wata guda, akwai wanda ya san masu kawo kaya, da farashi, da waɗanda ake bi bashi?

Ƙungiyoyi sun fi shaguna shiga haɗari, domin kuɗin na jama'a ne. Ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, da ta mata masu adashi, wanda a Gana ake kira susu, da ta 'yan gari ɗaya masu taimakon juna a suna da jana'iza, duk cutarsu ɗaya. Shugaba ne ya kafa, don haka shi ne ma'aji, kuɗin kuma suna shiga lambar MoMo ta wayarsa. Ba lalle ya ci ko kwabo ba. Ya isa a ce ranar da aka nemi bayani ya kasa kawowa dalla-dalla, sai raɗe-raɗi ya fara, masu biyan kuɗin wata su ja baya, a wayi gari an rabu gida biyu. Sau da yawa mutumin kirki ne ake ɓata wa suna, kuma rashin littafi ne ya ɓata shi.

Akwai mai cewa kai kuɗi ma'ajiyar zamani ma ba tsira ba ne, yana da hujja: a 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, masu ajiya da dama suka sha wahala kafin su ga kuɗinsu. Sai dai wannan dalili ne na bincika inda za a ajiye, ba na mayar da asusun jama'a aljihun mutum ɗaya ba.

Wahalar gaske a Zongo ta kunya ce. Yaro ba ya iya duban dattijo ya ce, “Baba, a kawo lissafi.” Saboda haka kada a bar abin sai wani ya tambaya. A sa shi cikin ƙa'idar ƙungiya tun ranar farko: mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, ba a fitar da ko sidi ɗaya sai da sa hannun mutum biyu, shugabanci kuma yana da wa'adi. A kowane zaman wata, bayan addu'ar buɗewa, magatakarda ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya saura, ko da wanda ya tambaya ko babu.