Jirgin Awolowo da Fartanyar Sardauna

Sau da yawa idan aka tuna zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959, sai ka ji wani ya ce, wai wannan zaɓe ya nuna ba a rinjayar mutumin Arewa da ado. Hujjarsa kuwa ita ce jirgin Cif Obafemi Awolowo. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, zan kuwa faɗi dalilina.

Gaskiya ne shugaban Action Group ya zagaya Jihar Arewa cikin jirgin sama mai saukar ungulu, ana watsa takardu daga sama, yara da manya suna barin kasuwa don su sha kallo. Gaskiya ne kuma da aka ƙidaya ƙuri'a, cikin kujeru 174 na Arewa 25 kaɗai ya samu, NEPU ta sami 8, NPC kuwa ta kwashe 134. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

Amma, ya kai mai karatu, kada ka ɗauka wanda ya ci bai yi ado ba. Ya yi, sai dai nasa ya fi dacewa da idon mai kallo. A zaɓen nan kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna masa alamar jam'iyya, domin yawancin masu zaɓe ba su iya karatun boko ba. Watau alamar ita ce ke magana a cikin rumfa. NCNC ta ɗauki zakara, Action Group itacen kwakwa, NEPU tauraro. To, jam'iyyar da sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e suka runguma, me ta ɗauka? Fartanya! Manomi ya shiga rumfa, ya ga abin da ya kwana da shi a ɗaki, ya ce wannan tawa ce. Ina dabarar da ta fi wannan? Ga kuma rawani da algaita, ga dogarai, ga kiran "Salama", ga faɗar cewa abokin hamayya baƙo ne ko mara kunya.

NEPU ma ba a bar ta a baya ba. Tun da aka kafa ta a Kano a 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka gane ƙarfin kalma guda: "Sawaba". Da ita, da waƙoƙi, suka mai da sunan talaka abin alfahari. Amma su sai sun nemi izinin taro daga En'e, wanda ya ci gyara kuwa ya gurfana gaban alƙali. Saboda haka ba lallashi kaɗai ya yi aiki ba, har da tsoro. Mata kuwa ba a ma tambaye su ba, don ba su da ƙuri'a a Arewa a lokacin.

Abin da nake so a lura da shi ke nan: adon da ya zo daga sama, mai ƙara da ƙura, kowa na iya gane shi ya yi dariya. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne wanda ya zo da kamar gida, da harshenka, da rigarka. Idan ɗan siyasa ya ɗaga maka fartanya, tambaye shi rijiya nawa ya haƙa, haraji kuma ina ya tafi. In bai amsa ba, ka san kallon kitse kake yi wa rogo.