GOBARA BA TA SAN IYAKAR JIHA BA

Duk wanda ya taɓa fita daga Ikko ta kan babbar hanyar Badun ya san cewa da an wuce Berger kaɗan an shiga Jihar Ogun, ko da yake ido ba ya ganin bambanci. Gidaje ne jingine da gidaje, cunkoson motoci ɗaya ne. A nan gefen Kogin Ogun kasuwar Kara take, inda fataken Arewa ke sauke shanu da raguna, da dama kuma a nan suke kwana. Daga Kara zuwa Alausa, mazaunin gwamnatin Ikko, bai kai kilomita 10 ba. Zuwa Abekuta kuwa, hedkwatar jihar da kasuwar ke cikinta, ya haura kilomita 60.

To, a ce tankar mai ta kife a kan gadar Kara da tsakar dare, wani mai tsaron turke ya buga 112 yana neman agaji. Wayar hannu ba ruwanta da iyaka: turken sadarwar da ya fi ƙarfi take kamawa, ko a wane gefe yake, kiran kuma yana iya faɗawa cibiyar da wurin ba nata ba ne. Idan ba wata igiya da ta haɗa cibiyoyin biyu, abin da ma'aikacin zai iya shi ne ya rubuta bayani, ya ɗauki wata waya ya nemi takwaransa, ya maimaita masa daga farko. Shi kuma wancan ya fara laluben wace mota ce a kusa, wace ce ke da ruwa. Kafin nan wuta ta yi aikinta. Mutanen Ikko ba su manta da gadar Otedola ba, ran 28 ga Yuni 2018, lokacin da tanka guda ta ƙone motoci fiye da 50, aka kuma yi hasarar rayuka. Wancan wuri a cikin Ikko yake sosai, ba gardamar iyaka. Ina ga inda sai an tsaya tambayar na wa ne?

Gaskiya ce, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, 'yan kwana-kwanan Ikko da ma'aikatan hukumar agajinta, LASEMA, sun tsallaka iyaka sun yi aiki a kan wannan gada, kuma sun cancanci yabo. Amma ran talaka ya fi ƙarfin a rataya shi a kan kirkin wanda ke bakin aiki a daren, ko kan wane ya san lambar wane. Abin da ake bukata shi ne tsari rubutacce. Cibiyoyin biyu su riƙa duban taswira ɗaya a kwamfutocinsu, kowace tana ganin inda motocin kashe gobara da na ɗaukar majinyata na maƙwabciyarta suke, da wadda ta fita da wadda ke jira. Kiran da ya ɓata hanya a miƙa shi da bayanansa duka, ba tare da an sake yi wa mai kira tambayoyi ba. Motar da ta fi kusa ita za ta tashi, ko tambarin wa ke jikinta. Ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da Washinton a Amurka sun daɗe da haɗa kwamfutocin cibiyoyinsu a kan haka.

Akwai wani ɓangaren da ya fi shafar baƙo ɗan Arewa, ba a kuwa cika maganarsa ba. Taswirar ofis sunayen ofis take ɗauke da su. Mutumin da ya zo da shanu daga Maigatari ko Potiskum shekaranjiya bai san sunan titi ba, ba shi da lambar gida. Abin da zai ce shi ne bayan mahauta, ko kusa da masallacin kasuwa, ko ƙarƙashin gada ɓangaren raguna. Da Hausa kuma zai faɗa, cikin firgita. Taswirar da ba ta san waɗannan sunaye ba, makauniya ce a Kara, haka ma a Mile 12 da Agege. Lalle ne a shigar da sunayen da bakin mutane ya saba da su, a kuma tabbatar kowane lokaci akwai mai jin Hausa a ɗaya daga cibiyoyin, wanda ɗayar za ta iya jawowa cikin kira nan take.

Masu ja da baya suna da hujjoji, wasu kuma ba na banza ba ne. Wa zai biya kuɗin man motar Ikko da ta kwana tana aiki a Ogun? A yi lissafi a ƙarshen shekara, jihohin da ke iya zama su daidaita kan harajin mazauna iyaka ba za su gaza wannan ba. Sai batun sirrin masu kira. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, ita za ta zama linzami: a miƙa abin da ceto ke bukata, wato wuri da irin haɗarin da lambar mai kira, a bar sauran. Hujja ta uku ba a faɗarta a fili, ita ce ƙyashin kada a ce maƙwabci ne ya kawo ɗauki. Wannan kam ba ta cancanci amsa ba.

Ba ma sai an kafa sabuwar hukuma ba. A watan Mayun 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu da Gwamna Dapo Abiodun sun sa hannu a kan yarjejeniyar hukumar raya jihohin biyu ta haɗin gwiwa. Nan ne gurbin wannan magana, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, mai kula da lamba 112, ita ma a ba ta kujera.

Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa su ma da nasu aikin. Su zauna su jera sunayen lunguna da ƙofofin Kara, da hanyoyin da mota za ta iya bi in ruwa ya cika, su kai wa gwamnatocin biyu a rubuce. Kuma a yi shi da rani, tun kafin damina ta nutsa a buɗe madatsar Oyan, ruwa ya sake hawowa Kara da Isheri kamar yadda ya saba.