Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, sai wata kasuwa ta buɗe a Damagaram wadda ba ta da rumfa ko ɗaya a Kasuwar Dole. Kasuwar nema wa yara gurbin karatu a nesa ce. Takardun talla na yawo a WhatsApp, dillalai na bin gidaje daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari. Wannan jami'a tana Kotono, waccan tana Lome, ga wata a Najeriya, ga wadda ke cewa tana da rassa a ƙasashe uku, ka biya sau ɗaya yaronka ya zaɓi inda ya ga dama. A ƙasan takardar an rubuta kuɗin shekara da manyan lambobi, kuma kuɗin ba su da yawa. Uba ya duba ya ce wannan kam zan iya. Ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ya biya.

Abin da nake so iyaye da malamai su ji shi ne, lambar da ke jikin takardar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin duk abin da za a kashe. Babban kuɗin yana kan hanya, kuma ba wanda ke rubuta shi, domin wanda ke tallar ba shi ne zai biya ba.

Wannan dabara ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka akwai wani wasa na masu hali, zamiya a kan dusar ƙanƙara: mutum ya ɗaura wasu dogayen faifai a ƙafa ya gangaro daga kan tsauni. A shekarar 2008 kamfanin Vail Resorts na jihar Kolorado ya fito da wani tikiti mai suna Epic Pass a kan dala 579, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Da tikitin nan guda ɗaya mutum zai shiga duk tsaunukan kamfanin har ƙarshen lokacin sanyi. A 2018 wani kamfanin, Alterra, ya fito da kishiyarsa, Ikon Pass. Yau Epic Pass ya haura dala 1,000, kuma kamfanin yana da wuraren wasa sama da 40 a Amurka da Kanada da Ostareliya da Suwizalan. Tikitin yini ɗaya a manyan wuraren yakan wuce dala 250 a lokacin cunkoso, saboda haka a lissafin takarda, wanda ya yi wasa kwana huɗu ko biyar ya mayar da kuɗinsa.

To amma wa ke cin ribar? Wanda gidansa ke gindin tsauni, wanda zai tashi da safe ya je ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Wanda yake nesa kuwa, kafin ya taka dusar sai ya biya jirgi, ya biya masauki, ya yi hayar mota, ya ci abinci da tsada. Tafiya ɗaya tana iya cinye abin da ya fi tikitin. Sauran tsaunuka 40 ɗin suna nan a jikin takarda, zai ga hotonsu ne kawai. Kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin dusar ta sauka. Abin da ya fi muni, da yake mutum ya riga ya biya, sai ya ga dole ne ya ƙara kashe wasu kuɗin don kada na farko su tafi a banza.

Cire tsauni ka sa jami'a, ka ga halin da gidaje da yawa ke ciki a jihar nan.

Mu fara da mafi sauƙi, wato Yamai, inda babu iyaka babu canjin kuɗi. Daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne, a bi ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur a cikin mota. Mu ɗauka, don misali kawai, kujera jika 12 ce. Wanda ke son lissafin gaskiya ya je tasha ya tambayo farashin yau ya sa a gurbinta. Zuwa da dawowa jika 24. A ce yaro zai zo gida sau uku a shekara, babban hutu da Sallah da wata larura, jika 72 ke nan, a shekara uku na digirin farko jika 216. A ce uba ko wa zai leƙa shi sau ɗaya a shekara, ƙarin jika 72. A ce bai samu gado a gidan kwanan ɗalibai ba, ya haɗa ɗaki da abokai, rabonsa jika 15 a wata, wata goma a shekara: jika 450 a shekara uku. An kai jika 738, ba a sa tuwo ba, ba a sa sabulu ba, ba a sa ladan aika kuɗi ba, ba a sa zazzaɓin damina ba. Wanda ke karatu a gida ma yana biyan kabu-kabu, kada mu ɓoye wannan. A ce sefa 500 kullum, kwana 20 a wata, wata tara: jika 90 a shekara, 270 a shekara uku. Amma yana ci daga tukunyar gidansu, yana kwana a ɗakin da ba a biya, in ya kwanta ciwo uwarsa ce a kansa. Wannan na Yamai ke nan. Na Kotono ko Lome sai ka ninka.

Lissafin nan ma ya ɗauka cewa hanya a buɗe take kullum, alhali mun ga akasin haka da idonmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar, har zuwa Maris 2024. Kano, wadda ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, ta koma nesa, wanda ya matsu sai ya bi ta daji a kan babur ya biya ninki. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda ita ce hanyar Kotono, ta tsaya, mutane suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Iyayen da faɗuwar naira ta ruɗa, suka ga kuɗin makaranta a Najeriya ya yi arha in aka juya shi zuwa sefa, sun manta cewa daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai a can, farashin lita ya ninka kusan sau uku, kuɗin mota ya bi shi. A Sudan kuwa, da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Khartum, har da masu karatu kyauta, da ƙyar aka kwaso su, karatun ya tsaya a inda ya tsaya. Ba dillalin da ya mayar wa kowa ko dala.

Sai kuma takardar da ake wahalar a kanta. A Disamba 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kotono cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo, abin ya shafi mai gaskiya da maƙaryaci. Wannan ba ya nufin duk makarantun can na bogi ne. Yana nufin uban da bai tambaya ba ko gwamnatin ƙasar ta yarda da makarantar, ko hukumar CAMES da ke Wagadugu ta san da digirin, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta nan gida za ta karɓe shi, ya sayi tikitin tsaunin da wataƙila babu dusa a kansa.

Abin takaici, mu jikokin fatake ne, bai kamata a yi mana wannan wayon ba. A zamanin Sarki Tanimu ayari na tashi daga Zango ya ratsa Abzin har Tarabulus. Attajirai irin su Malam Yaro sun san cewa farashin haja a inda aka saye ta somin-taɓi ne: sai an sa hayar raƙumi, da guzuri, da fito, da abin da zai mutu a hanya, sannan a san ko akwai riba. Kuma kuɗin hanya ne ya kashe kasuwancin kansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kai fata da sauran haja ta Legas ya fi arha, sai ayarin hamada ya yi ta raguwa. Madugun da bai iya karatun boko ba ya san wannan lissafin. Yaya aka yi mai takardar bak da ubansa suka kasa?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce tafiya mabuɗin ilimi. Za a ce jami'ar nan tamu tana da cunkoso, ana yajin aiki, shekara na shiga cikin shekara. Za a ce ba kowane fanni ake koyarwa a nan ba, kuma ba kowane ɗalibi ke da zaɓin inda za a tura shi ba. Duk akwai gaskiya a ciki. Wanda ke son aikin ma'adinai, makarantar EMIG tana Yamai, dole ya je. Wanda ya samu cikakken tallafi mai ɗauke da tikiti da masauki, a makarantar da aka sani, ya tafi da albarkar iyaye. Shi kansa André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi karatu a waje kafin ya rubuta tarihin Damagaram. Faɗana da mai tafiya ido rufe ne. Yajin aiki da cunkoso ba su tsaya a Damagaram ba, suna Yamai ma, bambancin kawai shi ne wanda ke nan in an rufe aji gida zai koma, wanda ke can kuwa haya na ci gaba da cinsa. Tun 2010 muke da jami'a a garin nan, ana karatun likita, ana kimiyya, ana adabi da tarihi, ana fannin koyarwa. Akwai ta Maraɗi, akwai ta Tawa. Wanda ya tsallake waɗannan ya kai yaro wata ƙasa don ya karanta abin da ake koyarwa a bayan gidansa, ya tambayi kansa tsakani da Allah: ilimi yake saye, ko damar cewa a wurin suna "ai yaron yana waje"? Alfahari ma haja ce, amma a san farashinta kafin a ɗauka.

Kuma wa ke biyan gibin? Ƙannen yaron. In an kai shekara ta biyu kuɗi suka ƙare, uba ba zai iya cewa a dawo ba, domin ya riga ya zuba da yawa. Sai a cire ƙanwar daga makaranta, a fasa sayen taki, a ci bashi. Wani yaron kuma kunya ce za ta hana shi faɗin cewa watanni ya yi bai shiga aji ba saboda an kore shi a kan cikon kuɗi. Ya dawo bayan shekara huɗu ba takarda, ba gona.

A ƙauyuka ma haka abin yake, sai dai a ƙaramin ma'auni. Ana cewa kolejin gwamnati kyauta ce. Ga yarinyar da garinsu ke nesa da Mirriya ko Magarya ko Tanut, kyautar tana zuwa ne da neman mai masauki, da buhun hatsin da za a kai masa, da kuɗin mota ranar kasuwa, da fargabar iyaye. Gidan kwanan 'yan mata da aka gina a Kelle ta gundumar Gure shaida ce cewa hukuma da kanta ta gane nisa farashi ne. Makarantar da yaro ba zai iya isa ba, ko nawa aka rage kuɗinta, ba tasa ba ce.

Yanzu gare ku malamai, musamman masu riƙe da ajin ƙarshe a lise, daga Amadu Kuran Daga har zuwa na gundumomi. Ku iyaye ke tambaya, kuma maganarku ce ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Wanda a cikinku yake karɓar kamisho daga dillali a kan kowane ɗalibin da ya tura, ya sani amana ya ci. Sauran kuma, ku ware awa ɗaya kafin jarrabawa, ku sa kowane ɗalibi ya rubuta lissafin shekara uku na wurin da yake mafarki, da farashin tasha na gaskiya, ya kai wa ubansa. Malamin lissafi ba zai samu darasin da ya fi wannan amfani ba. Ƙungiyoyin iyaye su kira taro a kan haka tun watan Mayu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma iyaye, kafin ku ba kowa ko jika ɗaya, ku nemi amsar tambayoyi huɗu. Shin abin da yaron zai karanta babu shi a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa? Nawa ne jimillar shekara uku in an haɗa mota da haya da ci da magani, kuma daga ina kuɗin shekara ta biyu da ta uku za su fito? In iyaka ta rufe ko makarantar ta tsaya, me za a mayar, kuma a rubuce yake? Wace hukuma ce a ƙasar nan za ta karɓi takardar? In dillali ya ce ku yi sauri gurbi zai ƙare, ku ce masa ya je ya dawo gobe. Wanda ke da haja mai kyau ba ya tsoron a kwana ana lissafi.