Leƙen Holiwud: "2012" da tsoron da aka sayar wa 'yan kallo

Duk wanda ya kalli fim ɗin "2012" ba zai manta da wurin nan da ƙasa ke tsagewa a Los Anjalis ba, benaye na zubewa, jarumi John Cusack na sheƙa gudu a mota da iyalin sa. Darakta Roland Emmerich ne ya yi fim ɗin a 2009. Ya ci kusan dala miliyan 200, ya dawo da sama da miliyan 750. Har da na gida a ciki, wato Chiwetel Ejiofor, wanda iyayen sa 'yan Nijeriya ne.

To jama'a, wai ina aka samo zancen tashin duniya a 2012?

Daga kalandar mutanen Maya ne, waɗanda su ka gina birane a kudancin Meziko da Gwatamala tun Turawa ba su san hanyar can ba. Dogon lissafin su ya faro ne daga shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk kwana 144,000, wato kusan shekara 394, su na kiran sa baktun. Baktun na 13 ya cika ran 21 ga Disamba, 2012. Shi kenan fa! Kamar dai a sauke kalandar bara a rataya ta bana. A tsohon birnin su na Falenke ma akwai rubutun dutse da ya hango wata rana a shekara ta 4772. Mai jiran duniya ta tashi a 2012, me zai kai shi wannan lissafi?

Amma tsoro na da kasuwa. Masu tallar fim ɗin sun ƙirƙiro ƙungiyar bogi a intanet, wai ta na jefa ƙuri'ar waɗanda za a tserar. Wasu bayin Allah su ka ɗauka da gaske ne. Tambayoyi su ka yi ta kwarara hukumar NASA, har da na matasan da su ka ce fargaba ta sa su tunanin kashe kan su. A Faransa kuwa sai da hukuma ta tare hanyar dutsen ƙauyen Bugarash, inda aka ce nan ne mafaka.

Ran 22 ga Disamba gari ya waye lafiya lau. Su ko jikokin Maya, bikin sabon zagaye su ka sha a Tikal.

Saboda haka a kalli fim, a yaba aikin kwamfuta, amma a san talla daban, labari daban. Sanin ranar tashin alƙiyama sai Allah. In wani ya sake yanka wa duniya rana, mai karatu ya fara tambayar sa: malam, me ka ke sayarwa?