Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Maudu'inmu na wannan mako ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata.

Mu da muka tashi a Limawa mun buɗi ido mun ga fararen motocin ƙungiyoyin agaji suna kai-komo a titunan Dutse. Da yawanmu ma mun ci abinci a cikin harkar. Bayan mun gama difloma an ɗauke mu aikin tattara bayanai, muka yi ta shiga ƙauyuka muna tambayar mata sau nawa suke ɗora tukunya a rana. Don haka ba labarin kanzon kurege muke kawo muku ba.

Bari mu fara da adalci. Tun 2008 likitocin MSF suke Babban Asibitin Jahun suna karɓar haihuwa mai gardama, suna yi wa mata aikin yoyon fitsari kyauta. Shirin CDGP, da kuɗin Birtaniya, ya riƙa ba masu juna biyu Naira 3,500 duk wata a Buji da Gagarawa da Kirikasamma har yaro ya shekara biyu. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili, kuma akwai hannun UNICEF a ciki. Duk wanda ya ce waɗannan ba komai ba ne, bai taɓa ɗaukar mai naƙuda a kan babur cikin dare ba.

To amma ga tambaya. A wannan shekarar ta 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Bayan PATHS a fannin lafiya da ESSPIN a fannin ilimi, da bita ba adadi a otal-otal, me ya sa har yau muke nan?

Amsarmu ita ce: shiri yana da ranar ƙarewa, yunwa ba ta da ita. Mun san wani ƙauye da wata ƙungiya ta yi wa rijiyar burtsatse mai sola. An yi biki, an ɗauki hoto, an kafa allo. Da famfon ya lalace babu wanda aka koya wa gyara, babu asusun sayen kayan gyara. Yau allon yana nan tsaye, yara mata sun koma tura jarkoki a kura. A rahoton da aka tura Turai kuwa, ƙauyen nan yana da ruwa.

Yanzu ga shi mai zane ya fara karɓe abinsa. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigarta, a 2025 kuma ta sanar za ta sauko zuwa 0.3. A Janairun 2025 Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rushe USAID. Babu wanda ya shawarci mai jego ta Buji kafin a yanke wannan hukunci, domin ba ita ta zaɓe su ba.

Wani zai ce mu gode wa Allah da abin da muka samu. Mun gode. Amma laifin ba na baƙo ba ne, namu ne. Jihar da ke noma gyaɗa da riɗi da gero da wake, a ce ɗanta mai tamowa sai ya jira abincin leda daga waje? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai mu mun saba jiran Bature ya zo ya nuna mana wurin, har sai an ba mu kuɗin zama kafin mu saurare shi.

Ga abin da muke nema. Duk ƙungiyar da ta shigo mazaɓarmu, a tambaye ta a gaban mai unguwa da liman: yaushe za ku tafi, wa zai riƙe aikin bayanku, nawa aka ware masa? Kansila da ɗan majalisarmu su nuna mana shafin kasafin kuɗi inda aka rubuta gyaran rijiya da abincin yara masu tamowa. Mu kuma marubuta mu daina tsayawa a hoton ranar buɗe aiki. Mu koma wurin bayan shekara biyu, mu rubuta abin da muka tarar.

Wanda ya san wani aikin da ya mutu ko ya rayu a unguwarsu, ya faɗa mana a ƙasa. Allah Ya sa mu dace.