Darasin mazaɓar Gama: Ƙuri'a ake ƙirgawa, ba soyayya ba

A kowace kakar zaɓe akan ji 'yan siyasa suna rarraba unguwanni da ƙauyuka kamar gado: wannan ta wane ce, waccan kuwa ko an je ɓata lokaci ne. Mazauna wuraren ma kan yarda da hakan har su yi alfahari da shi. Sai dai abin da ya faru a mazaɓar Gama da ke ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano a 2019 ya nuna cewa ba jam'iyyar da unguwa ke ƙauna ce ke ba ta daraja ba, yawan ƙuri'ar da za ta iya zubawa a akwati ne.

A zaɓen gwamna na ranar 9 ga Maris ɗin shekarar, Abba Kabir Yusuf na PDP yana gaban gwamna mai ci Abdullahi Umar Ganduje na APC da ƙuri'a 26,655. Hukumar INEC ta ce zaɓen bai kammala ba, saboda masu rajista a rumfunan da aka soke sun zarce wannan tazara. Gama kaɗai, mai rumfuna 62, tana da masu rajista sama da dubu 40. Nan take mazaɓa ɗaya cikin 484 da jihar ke da su ta zama abin magana a duk faɗin ƙasar.

Cikin makonni biyu da suka biyo baya, mutanen Gama sun ga abin da suka daɗe ba su gani ba: ana gyaran hanyoyi, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, ana kwashe shara, manyan 'yan siyasa na kowane ɓangare suna ta safa da marwa. Bukatun unguwar ba a ranar suka tsiro ba. Abin da ya sauya shi ne kowa ya gane kujerar gwamna na iya rataya a kan ƙuri'unsu.

Yadda aka ƙare ba abin alfahari ba ne. Masu sa ido, ciki har da na Tarayyar Turai, sun ba da rahoton tashin hankali da tsoratar da masu zaɓe a zagayen ranar 23 ga Maris. An bayyana Ganduje a matsayin wanda ya yi nasara da tazarar ƙuri'a 8,982, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a Janairun 2020. Ko wane ɓangare mutum yake, lissafin ɗaya ne: a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan biyar, ƙuri'un da ba su kai na mazaɓa guda ba ne suka raba gardama, alhali fiye da rabin masu rajista ba su fito ba.

Ɗan takara ba da ka yake aiki ba. Sakamakon kowace rumfa a rubuce yake, wakilinsa na da kwafi. Ya san inda mutum 500 suka yi rajista amma 90 suka fito. Idan unguwa ta shahara da goyon bayan jam'iyya ɗaya kuma ba ta fita, ta yi biyu babu: jam'iyyarta na ganin ta riga ta shiga aljihu, abokan hamayya kuma na ganin babu ribar zuwa. Ranar rabon asibiti, makaranta ko taransifoma, sai a tuna da inda aka sha gumi kafin a samu ƙuri'a.

Batun cewa wuri na wata jam'iyya ne har abada ma tarihin Kano bai yarda da shi ba. Jihar ta zaɓi PRP a 1979, PDP a 1999, ta kayar da gwamna mai ci ta ɗora ANPP a 2003, ta koma PDP a 2011, APC a 2015, sannan NNPP a 2023. Ra'ayin jama'a yana juyawa, amma wanda ya je rumfa ne kaɗai ake jin juyawarsa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Wanda ya ga 'yan daba a bakin rumfa, ko ya yini a layi kayan zaɓe ba su iso ba, ko ya zaɓi mutum ya ɓace shekara huɗu, yana da dalilin zama a gida. Alƙaluma ma sun nuna yadda gwiwa ke yin sanyi: daga kusan kashi 69 cikin ɗari da suka fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2003, an sauko zuwa kusan kashi 27 a 2023, duk da rajistar mutum miliyan 93. Nauyin farko yana kan jami'an tsaro su kare rumfa, da INEC ta kai kayan aiki a kan lokaci, da kotuna su hukunta masu ɗaukar nauyin daba, ba yaran da aka aika kaɗai ba.

Amma zama a gida ba ya hukunta kowa. Hasali ma, inda mutane kaɗan suka fito, nan sayen ƙuri'a ya fi araha, domin 'yan kuɗi ƙalilan sun isa su juya sakamako.

Aikin da ke gaban masu unguwanni, limamai, ƙungiyoyin matasa da na mata kafin 2027 ba wai su zaɓa wa mutane jam'iyya ba ne. Su bi gida-gida su san wanda bai yi rajista ba, wanda bai karɓi katinsa ba, da wanda ya tashi daga wata unguwa bai sauya rumfa ba. Su rubuta bukatun yankin, su gayyaci kowane ɗan takara ya amsa a bainar jama'a. Gama ta samu kulawa na mako biyu bisa tsautsayi. Unguwar da ke fita ƙwai da ƙwarƙwata, kuma ba a san inda za ta karkata ba sai an gamsar da ita, za ta iya samun irin wannan kulawa a kowane zaɓe.